Bulala a Bariki da Bakin Kasuwa: Tarihin Hukuncin Duka a Yaƙe-yaƙen Turawan Mulkin Mallaka

A watan Afrilu na shekarar 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashen da Birtaniya ta taɓa mulka, ta fitar da rahoton da ya tabbatar da cewa aƙalla mutum 116,000 da suka rasu suna yi wa Birtaniya hidima a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko a kan allon tunawa ba, abin da ya sa sakataren tsaron ƙasar na wancan lokaci, Ben Wallace, ya miƙe a majalisa ya ba da haƙuri. Shekara biyu kafin wannan, 'yan jarida sun tono takardun gwamnati da suka nuna cewa kuɗin sallamar da aka ba sojan Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu kusan kashi ɗaya cikin uku ne na abin da aka ba Bature mai muƙami irin nasa. An yi ta muhawara a kan kabari da kuɗi, amma akwai abu na uku da tsofaffin sojoji da dama suka ambata a cikin labaransu, wanda muhawarar ba ta tsaya a kansa yadda ya kamata ba, shi ne bulala. Dokar Birtaniya ta ci gaba da halatta a kwantar da sojan Afirka a tsula masa bulala har zuwa 1946, alhali an hana yi wa sojan Ingila haka tun 1881. Tazarar shekara 65 ke nan, kuma a cikinta ne aka yi manyan yaƙe-yaƙe biyu da suka kwashi dubban 'yan Arewa zuwa Kamaru da Tanganika da Habasha da Bama.

Turawan Ingila sun daɗe suna dukan sojojinsu kafin su zo Afirka, da wata bulala mai harshe tara wadda a ƙarni na 18 akan yanke wa mutum ɗaya ɗaruruwa daga cikinta. A 1846 wani soja ya mutu a barikin Hounslow bayan an yi masa bulala 150, jama'a suka yi ca, aka rage iyakar zuwa 50. A 1868 aka hana ta a lokacin zaman lafiya, a 1881 kuma aka hana ta har a fagen daga, aka maye gurbinta da ɗaure mai laifi a jikin gungume ko ƙafar igwa na sa'a biyu a rana, hukuncin da shi ma aka soke a 1923. A Indiya an soke bulalar soja a 1835, aka maido da ita a 1845, sannan aka yi watsi da ita baki ɗaya a 1920. Saboda haka lokacin da aka kafa rundunonin Afirka, hafsoshin da suka kafa su sun san sarai cewa ƙasarsu ta riga ta yanke hukunci a kan wannan al'ada, ta ce wulaƙanci ce da ba ta dace da mutumin da ke ɗauke da makamin sarauniya ba.

A ƙasar Hausa ma bulala tsohuwa ce, kuma babu amfanin musun hakan. Dogarai suna dukan talaka, iyayengiji suna dukan bayi, kurkukun da Turawa suka tarar a Kano a 1903 kuwa wuri ne na azaba. Sai dai shari'ar da alƙalai ke karantawa a Risala da Muhtasar ta bambanta haddi, wato hukuncin da nassi ya ƙayyade kamar bulala 80 ga mashayin giya da mai ƙazafi da bulala 100 ga mazinacin da bai taɓa aure ba, da ta'aziri, wato horon da alƙali ke yankewa bisa ganinsa, kuma ta kewaye duka biyun da sharuɗɗa. Ana yin haddi mutum yana zaune, da bulala matsakaiciya, ba a tuɓe mace, ana jinkirta wa maras lafiya da mai ciki, kuma mai dukan ba ya ɗaga hannu har hammatarsa ta bayyana, har ma a wasu kotunan Arewa akan sa masa wuri a hammata domin in ya ɗaga hannu ya zube. Manufar ita ce kunyata mai laifi a gaban jama'a, fiye da yaga fatarsa. Tun kafin zuwan Turawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa tilasta wa mutane fita yaƙi, wanda ake kira gargaɗi, da ƙwace dukiyar wanda ya ƙi fita, a cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Wannan bambanci tsakanin abin da shari'a ta ƙayyade da abin da mai iko ke yi da son ransa shi ne Turawa suka dunƙule wuri ɗaya daga baya, suka kira shi al'adar mutanen ƙasa.

Rundunar da ta zama uwar sojojin Nijeriya ta samo asali ne daga 'yan tsirarun mutanen da John Glover ya tara a Ikko a 1863, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, sai dakarun kamfanin Neja da aka kafa a 1886, sai kuma Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma wadda aka ɗora wa Frederick Lugard, wanda Hausawa suka fi sani da Lugga, alhakin kafawa a 1897. Da ita aka ci Bida da Kontagora da Yola a 1901, da Kano da Sakkwato a farkon 1903, da Burmi a watan Yulin wannan shekara. Sojan wannan runduna ba shi da takalmi, ba ya karatun boko, da Hausa ake ba shi umarni, kuma ba shi da hanyar kai ƙara ga wani wanda ya wuce hafsan da ke kansa. Tun daga farko dokokin rundunar suka ba da izinin bulala, kuma bulalar da ake nufi ita ce ta fatar dorina, wadda duka ɗaya da ita kan fasa jiki. Ofishin da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka a Landan bai taɓa sakin jiki da abin ba, domin yana tsoron tambayoyin 'yan majalisa, saboda haka ya riƙa rage yawan bulalar da za a iya yankewa, ya wajabta a rubuta kowane hukunci a littafi, ya nemi likita ya duba mutum kafin a dake shi. Hafsoshin da ke bariki kuwa suna mayar da amsa iri ɗaya kullum, cewa wanda ke zaune a Landan bai san baƙar fata ba. Sulhun da aka yi tsakanin ɓangarorin biyu kafin 1914 shi ne a taƙaita bulala a lokacin zaman lafiya, a bar ƙofarta a buɗe idan runduna ta fita fagen daga, kuma ta wannan ƙofa ce komai ya shigo daga baya.

Farar hula kuwa ta wata hanya bulalar ta same su. A jawabinsa na Sakkwato a watan Maris na 1903 Lugga ya bar wa alƙalai kotunansu, ya hana yanke hannu da azabtarwa, ya ce ba za a zartar da hukuncin kisa ba sai da yardar Razdan, amma bai hana bulala ba. Wannan tsari ya ba ma'aikacin Bature wata dama da ba shi da ita a kotunsa, domin idan yana son a hori wani sai ya tura shi gaban alƙali tare da saƙon abin da yake so, a yi dukan a bakin kasuwa da hannun dogari, a rubuta a littafi cewa hukuncin kotun ƙasa ne. A 1912 aka yi wa wasu akawuna 'yan bakin teku bulala a Zariya saboda ba su faɗi sun gai da Razdan ba, labarin ya isa jaridun Ikko, ya kuma fito a mujallar da Duse Mohamed Ali ya fara bugawa a Landan a wannan shekara. A 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu kuma yaƙi ya ɓarke, aka tuɓe wasu mata biyu a lardin Bauci aka yi musu bulala a bainar jama'a, kuma ba a ji labarin a Ingila ba sai a ƙarshen 1918, lokacin da John Eldred Taylor, mutumin Saliyo, ya buga shi a jaridarsa African Telegraph. Jami'in da aka ambata, Fitzpatrick, ya kai ƙarar ɓata suna ya kuma yi nasara a 1919, amma shari'ar ta fito da abin da gwamnati ba ta so a ji, wato cewa ana dukan mata tsirara a ƙarƙashin tutar Ingila. Babu wani malamin mazhabar Malikiyya da zai kira wannan haddi. Abin lura kuma shi ne an ji labarin Zariya ne domin waɗanda aka daka sun iya rubutu kuma suna da 'yan'uwa a gidajen jarida, manomin da aka daka a kan haraji a ƙauyen da ba ya cikin taswira kuwa babu wanda ya rubuta nasa.

Yaƙin 1914 zuwa 1918 shi ne ya mayar da wannan ɗabi'a babbar masana'anta, kuma dalilin yana cikin yanayin ƙasar da aka yi yaƙin a cikinta. A Kamaru, inda sojojin Nijeriya suka yi ta fama tun daga watan Agusta na 1914 har Garwa ta faɗi a Yunin 1915 kuma dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916, da kuma Tanganika, inda bataliya huɗu ta Nijeriya ta sauka a Darussalam a Disambar 1916 ƙarƙashin Janar Cunliffe, babu hanyoyin mota na kirki, ƙudan tsando kuma yana kashe dawaki da jakuna da alfadarai cikin 'yan makonni. Saboda haka harsashi da shinkafa da magani da sassan igwa duk a kan ɗan adam suke tafiya, kowane ɗan dako da kaya mai nauyin kilo 25 ko fiye, kuma shi kansa yana cin wani kaso na abin da ya ɗauko, ta yadda in tafiya ta yi nisa sai an ƙara 'yan dakon da za su ɗauko abincin 'yan dako. Nijeriya ta ba da sojoji kimanin 17,000 da 'yan dako fiye da 30,000, a Gabashin Afirka kuwa Birtaniya ta yi amfani da mutane kusan miliyan ɗaya a wannan aiki, kimanin 95,000 daga cikinsu suka mutu, galibi da atuni da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari da yunwa. Unguwar Kariyako a Darussalam da takwararta a Nairobi daga sunan rundunar 'yan dakon suka samo sunansu. Yawancin waɗannan mutane ba su kawo kansu ba. Razdan ne ke gaya wa sarki adadin da ake bukata, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci kuma ya kama wanda ba shi da gata. A damunar farkon 1917, lokacin da kogin Rufiji ya cika ya yanke hanya, an rage abincin sojojin Nijeriya har suka koma tonon saiwoyi a daji, wasu suka ci mai guba suka mutu, kuma a irin wannan hali ne laifuffukan da aka fi hukuntawa da bulala suke aukuwa: gudu, da satar abinci, da yar da kaya, da barci a bakin gadi, da ƙwace a gonakin mutanen gari.

A nan ne ya kamata a nemi ainihin dalilin da ya sa bulala ta daɗe. Manyan hukunce-hukuncen soja iri huɗu ne a wancan zamani, ban da kisa: tara, da ɗauri, da kora, da duka. Tara ba ta cin wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa ba a ma biya shi sai an dawo gida. Ɗauri yana cire mutum daga layin 'yan dako, ya bar kayansa a ƙasa, ya kuma bukaci wani soja ya tsare shi, ga shi yana cin abinci bai yi aiki ba. Kora kuwa ita ce babban burin wanda aka kamo da ƙarfi daga gonarsa. Abin da ya rage a hannun hafsa shi ne jikin mutumin, domin ana iya dukansa da safe a gaban 'yan'uwansa a fareti, ya ɗauki kayansa da rana, gwamnati ba ta yi asarar kwabo ko yini ɗaya na aiki ba. Bulala ita ce kayan aikin da ya dace da rundunar da aka gina a kan tilas da araha, kuma launin fata shi ne ya ba da izinin amfani da ita, domin wannan lissafi na asarar aiki ya shafi sojan Ingila da ke ramukan yaƙi na Faransa, amma shi yana da uwa mai rubuta wa ɗan majalisa wasiƙa, yana da jaridar da za ta buga, kuma bayan 1918 yana da ƙuri'a.

Akwai wasu bayanai da aka saba bayarwa, kuma kowannensu yana da ɗan abin kamawa. Na farko shi ne na hafsoshin kansu, cewa mutanen sun saba da duka a gida kuma ba su ɗauke shi abin kunya ba, har ma sukan zaɓe shi a kan a yanke musu albashi. Mai yiwuwa ne wasu sun zaɓa, amma wanda ya yarda a fasa masa baya don kada a taɓa sulallan da iyalinsa ke jira ya ba da shaida ne a kan ƙanƙantar albashin, kuma duk wanda ya san matsayin mutunci da kunya a wurin Bahaushe da Bafulatani da Babarbare ya san cewa kwantar da magidanci a tuɓe shi a gaban tsararsa ba ƙaramin abu ba ne. Bayani na biyu shi ne larurar yaƙi, cewa babu gidan yari a daji, kuma in ba a yi bulala ba sai dai a harbe. Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, kuma wasu hafsoshi sun riƙe ta da zuciya ɗaya, sai dai ba ta bayyana dalilin da ya sa aka samo wa farin soja wata mafita a daji guda ba, ba ta kuma bayyana bulalar kasuwar Zariya a 1912 ba, lokacin da babu yaƙi. Na uku shi ne a ɗora laifin a kan mugayen mutane ɗaiɗaiku. Mugaye sun kasance, kuma dukan da ba ya shiga littafi, na mari da shuri da sandar samanja, ya fi wanda ke shiga yawa, amma abin da ake magana a kansa hukunci ne da doka ta tsara, gwamna ya sa hannu, likita ya tsaya a kai, aka aika da lissafinsa Landan.

Sauran Turawan ma ba a bar su a baya ba. Jamusawa sun yi ƙaurin suna da bulala 25, har aka riƙa kiran Kamaru ƙasar ashirin da biyar, a Tanganika kuma wannan adadi ya zama sunan hukuncin a bakin masu jin Suwahili. Tun a 1893 sojojin Dahomi da ke Duwala suka yi bore bayan muƙaddashin gwamna Leist ya sa an tuɓe matansu an yi musu bulala a gabansu. Birtaniya ta tattara irin waɗannan labarai, ta buga wani rahoto a 1918 a kan mulkin Jamus a ƙasar da yau ake kira Namibiya, har da hotunan bayan mutanen da bulala ta yayyaga, kuma da irin wannan hujja aka raba Jamus da ƙasashen da take mulka a taron sulhu na 1919, a daidai lokacin da littattafan rundunonin Birtaniya ita kanta ke cike da irin wannan hukunci. Faransa kuwa ba ta rubuta bulala a dokar sojanta ba, tana kuma alfahari da hakan, amma dokar da ta ware wa talakawan ƙasashen da take mulka ta ba kumandan ikon ɗaure mutum kwana 15 ba tare da shari'a ba, kuma dogaransa da bulala suke tara haraji da masu aikin tilas da samarin da za a kai yaƙi, daga Damagaram har Dosso. Lokacin da jagoran boren Abzinawa, Kawsan, ya kewaye Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, Ingilishi sun aika da sojoji daga Nijeriya don taimakon Faransawa, kuma ramuwar da ta biyo baya a kan mutanen garin, har da malamai, ta wuce maganar bulala ta kai ga kisa.

Tsakanin yaƙe-yaƙen biyu an ɗan sassauta. Bayan wata sabuwar hayaniya a kan dukan wani mutumin Kudu a Bukuru saboda haraji, gyaran kotuna da Gwamna Donald Cameron ya yi a 1933 ya taƙaita ikon kotunan ƙasa a kan hukuncin duka, tsumagiya ta fara maye gurbin dorina. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1930 da ta hana aikin tilas, wadda Birtaniya ta amince da ita, ta keɓe lokacin yaƙi daga hanin.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, rundunar Afirka ta Yamma ƙarƙashin Janar George Giffard ta kumbura ninkin-ba-ninki, Nijeriya kaɗai ta ba da mutum kimanin 120,000. Birged ɗin Nijeriya ya yi yaƙi daga Mogadishu zuwa Harar a 1941, sannan runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Bama daga 1943, inda aka sake komawa ga dako a kai a tsaunukan Arakan da kwarin Kaladan, da dubban sojoji marasa bindiga waɗanda aikinsu ɗaukar kaya ne kawai. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya daga can suka zo. Saurin faɗaɗa rundunar ya sa aka kawo hafsoshi da yawa waɗanda ba su jin Hausa, wasu daga Rodeshiya inda wariyar launi ta zama ruwan sha, wasu daga Folan, kuma inda harshe ya gaza hannu ne ke yin magana. Amma sojan 1943 ya sha bamban da na 1916. A cikin rundunar akwai direbobi da makanikai da akawuna da masu aikin waya da malaman asibiti, da yawansu sun yi makaranta, suna rubuta wasiƙa, suna karanta West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe ko Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. A Indiya suka zauna kafaɗa da kafaɗa da sojojin da aka daina yi wa bulala tun 1920, suka ga cewa a cikin duk masu sanye da kakin sarkin Ingila su 'yan Afirka ne doka ta ware da wannan hukunci, alhali ana gaya musu cewa yaƙin da suke yi na kawar da aƙidar fifikon jinsi ne ta Hitila. Wasiƙunsu da koke-kokensu suka isa jaridun Ikko da Akara, daga can suka isa hannun wasu 'yan majalisar jam'iyyar Leba, waɗanda suka riƙa tayar da maganar a zauren majalisa.

A gida kuwa farar hula sun ɗanɗana nasu rabon. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo ga ma'adinan Jos, aka kafa dokar ɗibar ma'aikata da tilas wadda talakawa suka kira ɗiban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944 an kai mutum kimanin 100,000 daga lardunan Arewa, kowane rukuni na 'yan watanni, mutanen da suka fito daga ƙasa mai zafi aka zuba su cikin sanyin tsauni da ruwan haƙar kuza ba tare da isasshen abinci ko bargo ko ɗaki ba, da yawa suka mutu, da yawa suka gudu. Hanyar ɗibar ita ce dai ta 1916, daga Razdan zuwa sarki zuwa hakimi zuwa dagaci, kuma 'yan doka da dogarai da helumomi su ne hannun da ke cika adadi. Wannan ya sa talaka ya riƙa ganin fuskar ɗan'uwansa a bayan bulalar, ya fi jin haushin En'e a kan Baturen da ya aiko da adadin, kuma wannan haushi yana cikin abin da jam'iyyar NEPU ta tarar a ƙasa lokacin da aka kafa ta a Kano a 1950.

An soke hukuncin duka a rundunonin Afirka na Birtaniya a 1946, shekara ɗaya bayan jam'iyyar Leba ta karɓi mulki, kuma a wannan shekara ce Faransa ta soke dokarta ta talakawa, ta kuma hana aikin tilas da dokar 11 ga Afrilu mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Akan danganta wannan da tausayin sabuwar gwamnati, kuma ba za a hana ta nata rabon yabo ba, amma lokacin da abin ya faru yana goyon bayan bayanin da aka gabatar a sama: an ajiye bulala ne sa'ad da yaƙi ya ƙare, bukatar 'yan dako ta faɗi, mota da jirgin sama suka karɓi kaya, kuma wanda ake duka ya sami bakin da ake ji a Landan. Hujjar cewa runduna za ta wargaje in babu bulala, wadda aka shafe kusan shekara 50 ana maimaitawa, ba ta tabbata ba. Sai dai soke doka bai kankare ɗabi'a ba. Kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ya riƙe tsumagiya har 12, gwale-gwale ya ci gaba a bariki, kuma sojan da aka rena da duka ya fito da shi kan titi, kamar yadda aka gani a zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da kuma a shingayen bincike har yau, duk da sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 da dokar hana azabtarwa ta 2017. Mai sayar da kaya a tasha da aka sa tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yansa yana karɓar gādon wani tsari ne da aka ƙirƙira don mutanen da ba a ɗauke su 'yan ƙasa ba, kuma abin takaici ne a ce hukumomin ƙasa mai 'yanci suna riƙe da shi.

Takardun larduna da littattafan kotunan alƙalai na wancan zamani suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, rahotannin hukunci da aka riƙa aikawa Landan kuma suna ma'ajiyar Kew. Waɗanda suka je Bama sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu da jikokinsu da suka ga tabon suka kuma ji labarin suna nan a Zariya da Sakkwato da Bauci da Maiduguri da zangunan Kumasi da Tamale. Ya kamata sassan tarihi na jami'o'in Arewa su tura ɗalibansu su ɗauki waɗannan labarai da Hausa tun masu su suna raye, su haɗa su da abin da ke cikin takardu, kuma ya kamata a riƙa ambaton 'yan dako da mutanen ɗiban gwamna tare da sojoji a bikin tunawa da mazan jiya na ranar 15 ga Janairu.